Hayaƙin Zaƙami a Ramin Marmara

Mahaifin yarinyar da nake nema direban tifa ne a Ƙofar Marke, kuma har lokacin ban taɓa ganin haƙoransa ba. Na daɗe ina zuwa gaisuwa, ina tsugunawa har ƙafafuna su yi tsami. Bai ce in turo magabata ba, bai kuma ce in daina zuwa ba. Raina ya fara ɓaci, don na ji wani mai shago a Sabon Gari ya soma zarya gidan.

Yana da wani fili a bayan gari, tsohon ramin da aka gama haƙar marmara aka watsar. So yake ya cike shi ya shuka gero, amma zaƙami ya riga shi. Wannan tsiro mai 'ya'ya masu ƙaya, wanda ake kira haukata-yaro, ya rufe ramin baki da baki. Ragon mai filin ya ci ganyen, ya wuni yana tunkurar bango. Da na ji labari sai na yi abin da ake sa ran mai neman aure zai yi, na kira gayya. Na kwaso abokaina na Ƙofar Rini, waɗanda rabonsu da fartanya tun noman makaranta.

Mun sare, mun tumɓuke, hannuwa duk kanta. Da hantsi ya yi muka tara shi tsibi guda a tsakiyar ramin. Tsohon ya zagaya tsibin, ya ce, "Ku sa mishi wuta, da ɗiyan da komi, kar shi sake hitowa."

Muka cinna. Rami kuwa ba ya sakin hayaƙi, sai ya kwanta mana a ciki.

Wanda ya fara buguwa shi ne abokina mai koyar da lissafi. Ya tsaya yana yi wa wani baro sallama, yana jiran ya amsa. Na buɗe baki in yi masa tsiya, sai dariya ta ƙwace mini, na zauna dirshan a ƙasa. Maƙogwarona ya bushe ƙamas, gefen ramin yana lilo, ni kuwa daɗi nake ji kamar an yi mini bushara. Ina ɗaga kai na ga surukin nawa ya cire hula yana taka rawa, yana kwaikwayon ƙarar tifa a kan hawa. Haƙoransa farare tas.

Ya nuna ni da hular. "Kai ɗan malam, mi kaka jira? Na ba ka ita."

Masu wata tifa da suka zo wucewa ne suka fito da mu, suka yi ta ɗura mana ruwa, suka kai mu asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta wanke mu tas, ta ce da mun ƙara jimawa da wani zancen ake yi. Zaƙami binne shi ake yi da zurfi kafin ya yi 'ya'ya, ba a shaƙar hayaƙinsa.

Washegari na tafi gidansa, kaina na sarawa. Kyautar da aka yi cikin maye ai ba a riƙe mutum da ita, kuma na san haka. Na same shi a zaure da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, fuskar nan ta koma yadda take.

"An ce na yi rawa," in ji shi.

"Kaɗan, Baba."

Na fara neman takalmana da ido.

"Waccan maganar kuma ba hayaƙi ba na. Tun bara nika son in hiɗa maka, bakina ya ƙiya." Ya gyara tsumman, ya rufe idonsa da shi. "Tun da uwatta ta rasu, ita ɗai gare ni. Turo magabatanka."