Motocin Marigayi Biyu, Ɗaya a Gaya Ɗaya a Toranke

Na bar gida a Kano ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba. Ni bakanike ne, shekarata talatin ina gyaran tsofaffin motoci. Malam Habu na Gaya ne ya kira ni: zai raba gadon wani marigayi da ya bar 'ya'ya biyu da motoci biyu, yana son a duba masa su. Bas ɗinmu ta tsaya a shinge ɗaya kafin Wudil, muka isa Gaya ƙarfe takwas.

Gaya

Sale, babban ɗan marigayin, ya tarbe mu da shayi da ƙwai har huɗu. Tun nan na fara tsarguwa. Ya buɗe gareji, ga doguwar baƙar mota irin ta manyan da, kujerun fata, gaban direba katako mai sheƙi. Ƙofarta ma da nauyi take rufuwa.

“Wannan na bar wa ƙanwata Binta,” in ji shi. “Ni sai in ɗauki ruɓaɓɓiyar ta ƙauye.”

Na ce a buɗe mini gabanta. Ya ce marfin yana cijewa. Da na ja, bai cije ba. Injin ba nata ba ne, na tsohuwar bas ne, kuma notocin da suka ɗaure shi sababbi ne, alamar kwanan nan aka sauya shi.

Toranke

Ƙarfe goma muka hau babura biyu, ni da Malam, Sale yana biye a motarsa. Muka samu ɗaya motar a gidan gona, ƙarƙashin rumfar harawa. Ƙarama ce, ja, kujera biyu, ba rufi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Baƙar an yi ta ne don a tuƙa mutum ya huta, wannan kuwa don gudu. Kaji sun ɓata ta, amma injinta na asali ne. Abin da ya tsaya mini a rai, an share dattin da ke kan lambar injin tas don a karanta ta, sauran jikin duk ƙura.

Sale ya ja ni gefe. “Oga, ai ka ga ƙarfe ne kawai. Akwai rago da na ware maka.”

Na koma wajen Malam na ce, “Allah gafarta Malam, masu tara tsofaffin motoci wannan suke nema. Ta fi baƙar tsada nesa ba kusa ba, kuma wani ya riga ya duba ta.”

Malam ya ce a sayar da duka biyun a raba yadda shari'a ta ce. Sale ya shiga motarsa ya tafi bai yi sallama ba.

Binta, wadda ke aure a garin, ta kawo mana fura. A hankali ta ce mini, “Sau biyu Yaya ya kawo baƙi suka ɗauki hoton jar motar nan, ina kallo ta katanga. Ba zan iya faɗa wa Malam da bakina ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Inna.”

Na isa gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Habu. Binta kuma, Allah ya daidaita tsakaninta da yayanta.