Tagar Tsohon Barikin Turkawa

Wallahi tallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, ina aiki da wata sharika, wato kamfani, mai gyaran gine-gine a nan Makka, ni ne mai duba leburori da sayen kaya. Aka ba mu gyaran wani tsohon barikin sojan Turkawa can bayan unguwar Zahir, ginin dutse, masu gadi ke kwana a ciki, kuɗin da aka ware kuwa, kai, ko fenti da ƙyar.

Mudir ɗinmu, wato manaja, kullum maganarsa ɗaya: "Rage, ya Hajji, rage." Na rage siminti, na rage leburori, har na gaji da ragewa. To akwai wata taga a ɗakin ƙarshe mai kallon yamma, gara ta cinye katakonta, kafinta ya faɗi kuɗin da na san ba za a biya ba, sai na ce a toshe ta da bulo kawai, halas.

Kwana biyu bulon ya zube. Na yi wa magini tatas, muka sake, ya sake zubewa, har sau uku, kuma kullum waje yake faɗawa kamar daga ciki aka tura shi. Mudir ya ce in ya zube na huɗu in nemi wani kafil, wato wani ubangidan da zai tsaya mini. Ga 'ya'ya biyar, ga iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun sharikarsa, ni dai raina ya gama ɓaci.

Ranar da muka yi na huɗun, leburori suka tafi sallar azahar, na ce su yi gaba zan biyo su, na zauna a bakin ƙofar ɗakin in ɗan huta. Sai ga wani dattijo a ciki, baƙi dogo, ba takalmi, da tsohuwar rigar soja, ya dafa ɗanyen bulon. Hausarsa irin ta kakanni, babu Larabci ko kalma ɗaya.

"Yaro, kai ka rufe?"

"Ni ne, Baba. Kuɗin katako ne babu."

"Mu ma da muke soja a nan haka aka yi ta gaya mana, babu kuɗin mayar da mu gida, mu jira. Ta nan muke duban hanyar Jidda, ko masu komawa gida za su wuce. Ka bar mana ita."

Ba faɗa ya yi ba, muryar wanda ya gaji da jira ce. Na sunkuya in ɗauko masa ruwa, na ɗago, babu kowa. Ƙofa ɗaya ce, kuma ni ke zaune a bakinta.

Da hannuna na rushe bulon nan. Na biya kafinta daga albashina, uwargida ta yi mako ba ta kula ni ba. Mudir ya ce majanuni ne ni, amma da ya ga babu abin da ya ƙara zubewa sai ya ƙyale ni.

Shawarata, in kun tarar da taga a tsohon gini, kada ku toshe ta don arha, ba ku san mai leƙawa ba. Daga baya an rushe barikin, motoci ake ajiyewa a filin. Duk sanda na wuce sai tsigar jikina ta tashi, don ban san ta ina suke duban hanyar yanzu ba.