Yadda na koma kan turke da cutar HIV a jikina

Jama'a, na san na daɗe ban leƙo nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane, ku yi haƙuri, jinya na yi. Yau kuma farin ciki ne ya dawo da ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni injiniya ne a Jos. Aikina zana wata 'yar na'ura mai raba sigina: sigina ya shiga ta baki ɗaya, ya fita ta baki biyu daidai wa daida, zuwa eriya biyu a kan turken sadarwa. Ni ke zanawa, ni ke hawa in ɗaura.

Abin ya fara da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Na sha maganin maleriya har na gaji. Sai gudawa, sai rama, har na ƙara wa bel ɗina huda.

Na je asibiti aka ɗebi jini. Likita ta rufe ƙofa ta ce min HIV ne.

Wallahi na ji tsoro. Aka gwada matata Hajara da 'yarmu Ummi, ba su da ita. Hajara ta yi kukanta har ta ƙoshi, sannan ta ce, "Baban Ummi, tashi ka ci tuwo, wannan ramar ta isa haka."

Maganin kyauta ne, amma kuɗin mota daga unguwarmu Rikkos zuwa asibiti da wasu gwaje-gwajen daga aljihu suke fita. Ka miƙa kati, a auna nauyinka, ka bi layi. Da farko ƙwayar maganin ta riƙa sa ni jiri, daga baya muka saba.

Ana haka kamfanin da nake wa aiki ya kafa doka: ba mai hawa turke sai da inshorar rayuwa, don in mutum ya faɗo iyalinsa su sami abin riƙewa. Na je ofishin inshora na faɗi gaskiyar lafiyata. Madam Nkechi, mai karɓar masu nema, ta ce, "Oga, yanzu ba zai yiwu ba. Ka sha magani naka, ka kawo rahoto na likita, za mu sake duba."

Ba inshora, ba hawa. Ba hawa, ba aiki.

Bayan watanni aka auna yawan ƙwayar cutar a jinina. Likita ta ce injin bai ga komai ba. Maimakon murna sai raina ya ɓaci, don a wurinmu injiniyoyi in mitar awo ta nuna ba komai, to ko waya ta tsinke ko mitar ta mutu.

Na ce, "Likita, injinku ya lalace. A duba wayoyin a sake."

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. "Injiniya, cutar tana nan, ba warkewa ka yi ba. Magani ne ya danne ta har ba a ganinta. In ka ɗore a haka, ba za ta tsallaka wa matarka ba."

Nan take na gane. A na'urata ma akwai awo ɗaya da nake addu'ar mita ta yi shiru: siginan da ke tsallakawa daga baki ɗaya zuwa ɗayan, don rashin ganinsa shi ne alamar aiki ya yi kyau. Na fito ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Na kai rahoton. Sun karɓe ni, sai dai abin da zan riƙa biya ya ɗan fi na sauran. Madam Nkechi ta ce, "Oga, ka ga jiki naka ya dawo!"

Shawarata: zazzaɓi in ya ƙi tafiya, a je a yi gwaji. Kada a yi wasa da shan magani. Mai neman inshora ya faɗi gaskiya, in aka ce a'a ya koma da sabon sakamako.

Alhamdulillahi. Likitata, Allah ya saka miki da alheri. Godiyar Hajara kuwa ba ta faɗuwa. Makon jiya na hau turke, ina can sama ina kallon duwatsun garinmu sai ga kiranta.

"Ka ɗaure igiyarka da kyau," ta ce. "Ni kai nake jira, ba kuɗin inshora ba."