Hannun Hagu a Baya

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Idan yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina wancan?" ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Idan mu biyu ne kaɗai, "kai" ta ishe shi. Ƙannena suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, ni ko kafaɗata bai taɓa dafawa ba. Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari, haka shi ma kakana ya yi masa. Sanin hakan bai hana abin ci mini rai ba, kuma ba zan ɓoye ba, har na yi aure na haihu abin yana cina.

Baba mai gyaran rediyo ne, zauren gidanmu a cikin garin Lafiya shi ne shagonsa. A nan na koyi narka dalma da haɗa waya. Da wayar hannu ta cika gari sai na kwashe 'yan kayana na kafa tebur a kan hanyar Shabu, inda ɗalibai ke wucewa, na koma gyaran waya. Baba bai ce mini komai ba. Inna ya gaya wa cewa mutumin da aikinsa ya cire wannan ya maƙala wancan, bai ma san abin da ya lalace ba, ba za a kira shi mai gyara ba. Ni kuma da zafin kaina na ce ta gaya masa zamanin rediyo ya wuce, gara ya nemi abin yi. Ban sani ba ko ta isar da saƙon. Daga nan dai muka yi shekaru muna gaisawa, ba ma hira.

Yana da aboki guda tun suna samari, wani manomin doya daga Agyaragu mai kaɗa jita a cocinsu. Duk sanda ya shigo Lafiya sai ya biyo zaure, su zauna suna tsokanar juna. Baba ya ce masa yatsun da suka saba da garma ba su da haɗi da kiɗa, shi kuma ya ce Baba ya fi ɓata rediyo fiye da gyara shi. Kukan abokin kullum ɗaya ne. Tsohuwar amfilifayarsa, akwatin nan da ke ƙara wa jita murya, ta mutu tun tuni, sabuwar da aka saya a cocin kuma ba ta yi masa ba.

"Sabon abin nan ba shi da ciki, Malam," in ji shi, da irin Hausarsa. "Ka taɓa jita, shi ihu kawai yana yi. Ni ina so wanda yana yin zafi kafin ya yi magana."

Irin ta da yake nufi, mai aiki da bawul, wato 'yan kwalaben gilashin nan na cikin tsofaffin rediyoyi, waɗanda cikinsu ke yin ja idan wuta ta shige su. Baba ya ce zai haɗa masa da hannunsa. Ya samo bawul uku a jikin wani rediyon katako da aka kawo masa daga Doma, ya naɗa taransifoma da kansa, ya huda wani gwangwanin gasa burodi ya mai da shi gindin da za a ɗora komai a kai. Taswirar aikin kuma ya zana ta da biro a bayan kalanda. Ya kai rabi ke nan, ana tsakiyar damina, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, harshensa ya yi nauyi, ko "ruwa" sai ya yi fama kafin ta fito.

Bayan an fara haƙar doya abokin ya zo dubiya. Ina zauren a ranar. Na ga idonsa ya kai kan gwangwanin burodin da ke kan kanta, wayoyi na reto a jikinsa, ƙura ta rufe shi, sai ya yi maza ya kau da kai ya shiga zancen damina. Baba ma ya gani. Washegari Inna ta aiko a kira ni, ta ce mahaifinka ya ce a gaya wa wancan, in yana da sarari, akwai aikin da ya rage a zaure.

Na so in ce ba ni da sarari. Amma na san mutumin nan, bai taɓa mayar wa kowa rediyo a buɗe ba, kuma na ga yadda yake ramewa. Tsorona shi ne ya tafi ya bar abin nan a kan kanta, ni kuma in zauna da sanin cewa sau ɗaya ya nemi wani abu a wurina na hana shi.

Muka sa ranakun Juma'a da Lahadi bayan azahar, in dai akwai wuta. Ana zaunar da shi a kujerar roba a gefen tebur, da ɗan guntun kara a hannunsa na hagu yana nuna mini wuri. Ranar farko, kafin in taɓa komai, ya daki tebur da karan ya ce, "Hagu. Baya." Na gane. Doka ce da na sani tun ina ƙarami: idan za ka sa hannu a cikin irin wannan na'ura, hannu ɗaya za ka sa, ɗayan ka kai shi bayanka. Wutar da ke ciki ta fi ta soket ƙarfi nesa ba kusa ba. In ta shiga ta hannu ɗaya ta sami hanyar fita ta ɗayan, ta ƙirji za ta bi. Sai dai ni na yi shekaru ina aiki da hannu biyu a kan wayoyin da ko sauro ba za su kashe ba, hannuna na hagu ya manta.

Aikin ya ba ni wuya, Baba kuma ya fi aikin ba ni wuya. In liƙa waya, dalma ta kwanta tana sheƙi, ya leƙa, ya girgiza kai, ya sa karan ya ture ta. Akwai wata mahaɗa da sai da na warware ta sau huɗu. Wayoyi biyu masu kai wa bawul wutar ɗumama ya ce sai an murɗe su kamar igiya, an kwantar da su a lungun gwangwanin nesa da wayar da ke ɗauko muryar jita, in ba haka ba akwatin zai yi ta gurnani. Duk wayoyin da za su koma jikin ƙarfe kuma wuri ɗaya za su haɗu, ba inda na ga dama ba. Wata rana na ajiye ƙarfen dalma na fita waje na tsaya, don in na ci gaba da zama zan faɗi abin da ba a faɗa wa uba. Da na dawo na tarar da shi yana ƙoƙarin ɗaukar ƙarfen da hannun hagu, dalma na ɗiga a kan tebur. Kunya ta kama ni. Na karɓa, na sake mahaɗar.

Ranar da za mu fara ba amfilifayar wuta, ya sa na ratsa ƙwan fitila a kan wayar da ke zuwa soket. Dabararsu ce ta da: in akwai kuskure a ciki, ƙwan zai haska ya tsaya da haskensa, ya shanye wutar kafin wani abu ya ƙone. In kuwa aiki ya yi daidai, zai haska ne sannan ya dushe. Na kunna. Ya haska, ya dushe. Can sai cikin kwalaben nan uku ya fara ja a hankali, warin tsohuwar ƙura mai zafi ya tashi, warin da na tashi da shi a zauren nan. Daga sifika kuma sai gurnani, ƙasa-ƙasa amma a fili. Baba ya miƙa karan ya nuna wata waya da ta matso kusa da 'yar'uwarta.

Daidai nan aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, jan da ke cikin bawul ya mutu.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da muke yi idan an ɗauke wuta. Lokacin ne ake gyaran soket, ake kama tsirarar waya da hannu, ana sauri kafin a dawo da ita. Jikina ne ya yi wannan lissafin, ba kaina ba. Na zare filogi, na dafe gwangwanin da hannun hagu don kada ya motsa, na zura yatsun dama zan janye wayar. Na manta da kafasita, 'yan gwangwanayen nan biyu da aikinsu ke nan su tara wuta su riƙe. Su babu ruwansu da an ɗauke ko ba a ɗauke ba. Ga 'yar wayar da Baba ya tanada don zubar da wutarsu tana rataye a ƙusa, ban ko dube ta ba.

Abu biyu suka zo mini tare. Na ji kamar an maka mini taɓarya a ƙirji, na kuma ji an kira sunana.

Da na dawo hayyacina ina ƙasa, bayana a jikin bango, hannuwana biyu sun mutu har kafaɗa, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. Baba ma yana ƙasa. Ya yunƙuro ne zai kama ni, ƙafar ta ƙi, kujera ta kife da shi. Yana kwance a kan ɓarinsa marar motsi, hannun hagu a miƙe wajena, idonsa a kaina. Mutumin da "ruwa" ke gagara, shi ya faɗi sunana cikakke, babu harafin da ya faɗi, da ƙarfin da har cikin gida aka ji. Inna ta fito da gudu ta tsaya a bakin ƙofa. Daga baya ta gaya mini ta ɗauka baƙo ne ya shigo, don ba ta san yadda sunan yake a muryarsa ba.

Muka ɗaga shi, ni da ita. Babu wanda ya ta da zancen, ranar ko bayanta. Na koma gida na rufe ɗaki na yi kuka, ina da 'ya'ya uku a lokacin, kuma ba zafin wutar ne ya sa ni ba.

Ranar Lahadi da na zo na tarar an matsar da kujerarsa, ta koma bayana ta hagu. Karan ma babu shi. Na zauna, na ɗauki 'yar wayar nan na zubar da wutar kafasita yana kallo, na gwada da mitar awon wuta, sannan na kai hannun hagu baya. Sai na ji ya kama wuyan hannun. Tafinsa busasshe ne, da kanta a yatsu, kuma da sauran ƙarfi fiye da yadda na zata. Ban waiwaya ba. Haka muka ƙarasa aikin, mako uku. In na nufi inda ba daidai ba sai ya matsa, in na yi daidai sai ya sassauta. Tun da ya kama hannun nan ban sake warware mahaɗa ko ɗaya ba.

Kafinta ya yi mana akwati, muka ɗaura sifika, na aika wa abokin. Ya zo a kan babur da hantsi, jitar a naɗe cikin zanin matarsa. Ya jona, ya jira bawul suka yi ja, ya ɗan ja tsirkiya ɗaya ya saurara har ƙarar ta mutu don kanta. Sannan ya kaɗa wani taken da suke ji suna samari, a hankali, da yatsun nan nasa da garma ta fasa. Muryar ta fito da kauri da ɗumi, ta cika zauren ba tare da ta yi ihu ba. Masu wucewa suka tsaya a ƙofa. Baba ya rufe ido, ɓarin fuskarsa mai rai yana motsi.

Da ya gama, Baba ya ce har yanzu akwai ɗan gurnani. Abokin ya ce kunnen tsufa ne, shi bai ji komai ba. Ya goge ido da bakin zanin, ya ce, "Malam, ka cika magana. Yaronka ya iya aiki."

Baba bai dube ni ba. Abokin ya duba, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Hannunsa ya zauna."

Ban taɓa samun abin da ya kai wannan daga gare shi ba, kuma ya ishe ni. Bai kai damina ta gaba ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sunan nan kuwa bai sake faɗinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, sau ɗayan nan ne tak.

Amfilifayar tana Agyaragu har yau, tana aiki duk Lahadi. Shekara-shekara, bayan an gama haƙar doya, nakan hau babur in je in duba ta. Tsohon yakan fito da ita gindin mangwaron ƙofar gidansa, ya kawo mini benci, ya zauna gefe yana ba ni labarin da na riga na sani. Nakan kwance bayan akwatin, in zubar da wutar kafasita, in gwada da mita. Sannan in kai hannun hagu baya, in ɗan dakata kafin in fara. Tsohon ya lura da wannan dakatawar tun zuwana na farko, kuma duk surutunsa, a nan yakan yi shiru har sai na sa hannu a aikin.