Kifin da Ƙuda Ya Ƙi Sauka a Kansa

Kafin a san ni da matar da aka ɗaure saboda bandar kifi, ni matar gida ce kamar kowace mace a Haɗeja. Na gama sakandare, na yi aure, na haihu, ina zuwa Islamiyya da yamma. Maigidana manomin shinkafa ne a fadama. Ko kaza za a yanka sai na shige ɗaki, ba na iya kallo. Na faɗi haka ne don ku ƙannena masu sana'a a waya ku daina zaton macuci yana da wata kama ta daban.

Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa na fara sana'a. Maigidan ya sayo tarwaɗa wurin masunta a bakin kogi, ni in wanke, in lanƙwasa, in yi banda a tsakar gida. Sai in ɗauki hoto in saka a shafina. Matan Kano da Abuja su gani su yi oda, in shirya a kwali in kai tasha a ba direba. A lokacin, abin da ke cikin hoto shi ne abin da ke cikin kwali.

A hankali na fahimci halin masu saye. Mai saye a waya ba ta shinshinawa, ba ta taɓawa, ido kawai take aiki da shi. Za ta ce a turo hoto, a turo bidiyo, ta yi ta neman ragi, daga ƙarshe ta ce ta samu mai araha a wani shafi. Babu wadda ta taɓa tambayata yaushe aka kama kifin. Tambayarsu kullum ita ce me ya sa nawa bai kai na wance sheƙi ba.

Na kai kukana wurin Bilki, 'yar ajinmu a sakandare, wadda ta riga ni shiga harkar. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai har yanzu ustaziya ce. Shafa masa mai ya yi ƙyalli. Manya a sama, gutsattsari a ƙasa. Wa zai zazzage kwali a tasha?"

Na ce, "Bilki, ai wannan algus ne."

Ta ce, "To malama, sai ki dafa wa yaranki gaskiyar su ci da tuwo."

Duk da haka na bi shawararta. Da aka kwana biyu abin ya zame mini jiki. Wadda ta yi ƙorafi sai in toshe lambarta, in ce ai gobe wata za ta zo. Kuma takan zo.

Da damina ta yi nisa, banda ta fara laushi, ƙwari suka shiga. Wata rana ina ɗaukar bidiyo sai ƙuda ya sauka a kan kifin, ban lura ba na tura. Matar ta fasa odar, ta kuma yaɗa bidiyon a zauren matan unguwarsu, ta ce ƙazanta nake sayarwa. Kunya ta hana ni sakat. Bilki ta ce maganin wannan ai sauƙi gare shi: in sirka fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, da ruwa in yayyafa, ba ƙuda, ba tsutsa. Ta ce zafin miya yana kashe dafin.

Ba zan ce muku na yarda da ita ba, don ƙarya zan yi. Tun ranar da na fara yayyafawa ban sake saka bandar nan a tukunyar gidana ba. Maigidan ya taɓa cewa, "Wai ke, gidan mai banda kullum miyar kuka gaya?" Na ce masa ta kasuwa ce, ba a taɓawa. Na kare 'ya'yana, na tura wa 'ya'yan wasu. Hotunana kuwa suka yi kyau, oda ta ƙaru.

Cikin masu sayena akwai Maman Hanifa, wata mata a Kano mai kirki, wadda ba ta fara maganar kifi sai ta tambayi lafiyar yarana. Wata safiya ta kira ni. Ta ce, "'Yar'uwa, don Allah me kike saka wa kifin nan? Hanifa tana asibiti tana ta amai, likita yana tambayata." Na kashe wayar, na toshe lambarta, kamar yadda na saba. Sannan na yi alwala na yi walaha, ina roƙon Allah Ya rufa mini asiri. Ko yarinyar ban saka a addu'ar ba.

Direban da nake ba kaya ya san gidanmu. Shi ya rako 'yan sanda, suka samu kwalbar fiya-fiyar a bayan buhunan gawayi. A kotu na fara ganin fuskar Maman Hanifa. Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar, amma uwar ta dube ni ta ce, "Kalma ɗaya na roƙe ki. Da kin faɗi sunan abin, da likitoci ba su yi ta lalube a jikin 'yata ba. Sai kika toshe ni." Hukuncin alƙali bai kai wannan maganar nauyi ba.

Na yi zamana a gidan yari, har sallah ta same ni a ciki. Autata ta fara tafiya ba na nan. Maigidan bai fasa zuwa ba. Bilki kuwa ta canza layi tun ranar da aka kama ni.

Da na fito, na tarar gari ya gama yi mini suna. In na shiga gidan biki sai wata ta ce, "A rufe tukwane, ga mai yayyafi nan," a kwashe da dariya. Bilki ta ɓullo da shawara: sabon layi, sabon suna, in ce daga wani gari nake. Ta ce, "Mutanen waya ba su da tuni, ƙawata." Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri. Maigidan ma ya ce, "Ki haƙura da kifin nan, ki koma ko ƙuli-ƙuli ne." Na ce, "Malam, a kan banda na zubar da sunana, a kanta zan tsince shi."

Abu na farko, na buɗe lambar Maman Hanifa na nemi gafara. Ta ce ta yafe don Allah, amma har abada ba za ta ƙara cin abin hannuna ba. Gaskiyarta ce, ban ja ba.

Yau ina nan da tsohon layina da tsohon sunana. Kowane kwali sai na zazzage shi a gaban kyamara, a ga sama a ga ƙasa. In bandar ta kwana biyu in faɗa. In ɓare ɗaya in ci, in ba autata ta ci. Masu rubuta mini "'yar gidan yari" a ƙarƙashin hoto ba na goge maganarsu, amsa nake ba su: e, ni ce, tambayi abin da ya kai ni. Cinikin bai kai na da ba, amma ba na firgita in waya ta yi ƙara.

Ku masu sayarwa, abin da ba za ki saka a tukunyarki ba kada ki saka shi a kwalin wata. Ranar da yatsanki ya nufi wurin toshe mai ƙorafi, ki tsaya ki tambayi kanki me kike gudu. Ku kuma masu saye, ban ɗora muku laifina ba, nawa ne ni kaɗai, amma ku daina sayen sheƙi. Ku ce a zazzage muku kwali, ku tambayi yaushe aka yi bandar, ku ji tsoron arahar da ta wuce hankali.

Jiya ma ina ɗaukar bidiyo ƙuda ya zo ya sauka a kan tarwaɗa. Na kore shi da mafici, ya dawo. Ban yanke wurin ba, haka na tura. Wata ta rubuto, "Hajiya, ƙuda fa." Na ce mata, "Na gan shi. Na taɓa sayar da wanda ƙuda ba ya sauka a kansa, ba na yi miki fatan irinsa."