Karen Surukina

Surukina Wilf Tindle ya shekara arba'in yana kai kare yawo, alhali ko mage ba a taɓa kiwo a gidansa ba. Kowa a garinmu na bakin kogin Tyne ya san maganar: idan magidanci ya ɗauki hularsa da yamma ya ce zai kai kare yawo, mashaya ya nufa, karen kuwa ita ce giyar nan mai ruwan ƙasa. Ni ma na sani. Da sanin nawa na tafka wautar da zan faɗa.

Wilf yana ɗan shekara sha biyar ya shiga kamfanin giyar garinmu, a wajen injin cika kwalabe, a nan kuma ya yi furfura. A zamaninsa masu haƙar kwal da maƙeran jiragen ruwa ba su san wata giya ba sai ita. Ba a ɗaga kwalbar a kafa kai. Ƙaramin kofi ake ba ka, kana kurɓa kana ƙarawa don kada kumfar ta kwanta. Duk yamma idan ya yi sallama, matarsa Edna takan ce, "Ka riƙe shi da kyau, kada ya ja ka cikin kwata."

Mu ne muka kashe giyar nan, ni da tsararrakina. Da farar giya mai sanyi ta shigo daga ƙetare, ni na fara yin odarta a gaban Wilf, ina hura hanci wai na waye. Ya dubi kofina ya ce, "Dennis, likita ne ya ce ka kawo masa wannan fitsarin ya auna?" Mashaya ta ɗauki dariya. Amma bayan shekara goma kowa abin da nake sha yake sha, mai ruwan ƙasa ta koma giyar tsofaffi. Aka rufe mahaƙa, aka rufe maƙera, kamfanin ya bi bayansu. Wasu suka sayi sunan giyar suka tafi da shi, mashayar unguwa kuma ta zama shagon sayar da darduma.

Wilf ya daina fita. Sai ya wuni a kujera yana kallon taga, hularsa a rataye. Edna ta ce da matata Maureen, "Babanku zai mutu a kujerar nan. Ba ƙishi ke damunsa ba, wurin zuwa ne ba shi da shi."

Abin ya tsaya mini a rai, don ina ganin da hannuna a ciki. Na yi ta tunani irin na masu ƙaramar basira, na je gidan da ake ajiye karnukan da aka yasar, na karɓo wani gajere mai ruwan ƙasa, kunne ɗaya a karye. Maureen ta ce, "Yanzu kai da hankalinka, ba ka ga kamar ba'a za ka yi masa ba?" Wallahi sai a ƙofar gidan Wilf na gane gaskiyarta, amma karen ya riga ni shiga.

Wilf ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo kaina.

"Ka kashe mini na gaske, ka kawo mini mai ƙuma."

"Baba, in ba ka so, sai in mayar."

"Nawa karen, shekara arba'in bai taɓa yi mini kashi a hanya ba." Ya koma kallon taga. Na fita kunya kamar ta kashe ni, har na manta ban tafi da karen ba.

Kwana huɗu ban iya leƙa gidan ba. A na biyar Maureen ta aike ni da tukunyar miya. Ina shiga na tarar da Wilf a tsaye, hula a kai, igiya a hannu, karen yana ta zagaye ƙafarsa. Ko kallona bai yi ba. Ya gyara murya ya ce, "Edna, zan je shan giya."

Edna tana wanke-wanke, ba ta juyo ba, amma na ga ta goge ido da bayan hannu.

"Ka riƙe shi da kyau," in ji ta, "kada ya ja ka cikin kwata."