Shatar Jirgi Don Idon Kaka

Kaka ta zo mana Kuala Lumpur ne saboda idonta. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun, har ta kai in na shigo ɗaki sai na yi magana take sanin ni ce. Ita ta haifi Baba, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara, Baba kuma yake ce mini uwata. Ranar da aka kwance mata bandeji bayan aiki, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ashe wushirya gare ki."

Daga nan sai kallo. Gidanmu a unguwar Sri Petaling yana can saman bene, sai ta ja kujera bakin taga ta yini tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa. Ta kalli tururuwa a kicin. Wata rana na same ta ta shimfiɗa zanenta a cinya tana bin sa da yatsa. Ta ce ta daɗe tana ɗaura shi, ba ta san da tsuntsaye a jikinsa ba.

Wata Asabar Baba ya kai mu mamak ɗin ƙarshen layinmu, shagon Indiyawa Musulmi inda muke shan shayi da roti, irin gurasarsu. A talabijin ɗin bango aka nuno wani ƙaramin jirgin ruwa, inuwarsa tana can ƙasa a kan farin yashi, shi kuma kamar a iska yake rataye.

"Wannan ƙaryar masu hoto ce," in ji Kaka. "Ruwa ba ya haka."

"Akwai shi, Kaka. 'Yan ajinmu sun je."

"Ke kin gani?"

"A'a."

"To."

Washegari na zauna ina ɗiga mata maganin ido. Ta riƙe mini hannu ta ce a hankali, "Takwara, ki ce wa babanki in ba nisa, a kai ni in ga ruwan nan kafin in koma."

Baba ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kuma roƙonsa komai baki da baki, duk saƙo ta wurina yake bi. Ni kuwa ko a aji in malama ta kira ni sai muryata ta maƙale. Na yi ta juya maganar a baki, sai da na ga yana sa takalmi zai fita na faɗe ta da sauri, ina kallon ƙasa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. An riga an yanki tikitin komawarta Kano, hutun makarantarmu kaɗai ya rage a tsakani.

Haka muka ɗauki hanyar Terengganu, can bakin teku, a mota, ni da Kaka a baya, Baba da Mama a gaba, gonakin kwakwar manja suna ta wucewa har na gaji da su.

Tashar jiragen ruwan ƙarama ce, tana warin fetur da busasshen kifi. Jiragen iri biyu ne. Akwai na kowa da kowa, wanda ake biyan kuɗin kujera kamar motar haya, akwai kuma na shata. Muna tsaye wani na hayar ya tashi cike da mutane. Yana fita ya ɗaga hanci sama ya shiga dukan ruwa, tim, tim, feshi yana rufe na ciki suna ihu.

"Inna ba za ta shiga wannan ba," in ji Mama. Likita ya ce kada a jijjiga ta, kada kuma ruwan gishiri ya faɗa mata ido. Ke nan sai shata, jirgin da zai tafi yadda muka ce.

Mai jirgin da ya rage dattijo ne, siriri, rana ta ƙona masa wuya da bayan hannu. Pak cik ake ce wa irinsa a nan, wato kawu. Turancinsa kaɗan ne, Malayancin Baba kuma bai wuce makan, wato ci, da boleh, wato zai yiwu, ba, don haka aka turo ni gaba. Na gaishe shi, na tambaya, ya faɗi kuɗin yini guda. Na maimaita wa Baba. Sai na ga leɓensa yana motsi ba sauti, na san yana mayar da kuɗin naira ne. Duk ɗan Najeriyar da na sani a ƙasar nan yana yin haka, ko ruwan gora zai saya.

"Ce masa rabi."

Na faɗa, fuskata tana zafi. Pak cik ya yi murmushi ya girgiza kai. Baba ya ƙara kaɗan. Ya sake girgiza kai, ya ce a yi haƙuri, ba zai yiwu ba.

"Haka suke cewa dukansu," in ji Baba. "Mu tafi, uwata. Kada ki waiga."

A Kantin Kwari Baba ya tashi, a shagon kawunsa, kafin boko ya ɗauke shi. A can in mai saye ya juya baya, ba ya kai ƙarshen layi sai an kira shi an ce kawo kuɗi. Muka tafi a hankali. Muka ƙara rage sauri. Baba ya tsaya ya duba wayarsa duk da ba ta yi ƙara ba, ya gyara hula, ya karanta wani allo da bai iya yarensa ba. Ba wanda ya kira mu. Da na kasa daurewa na waiga, sai na ga wani mutum da matarsa da 'ya'yansu suna sa rigunan ruwa masu launin lemo a jirgin Pak cik. Pak cik ya hango ni ya ɗaga mini hannu, sannan ya kwance igiya.

Ranar ba mu sami wani jirgin ba. Da yamma a masauki Mama ta ajiye wa Baba shayi ta ce, "Malam, har yanzu bai kira ka ba? Ko ka koma ka ƙara juya masa baya, wataƙila bai gani da kyau ba."

"Ke dai bari," in ji Baba. Bai yi dariya ba.

Na raka Kaka bakin ruwa. A wajen kogi ne yake shiga teku, ruwan duk ja-ja ne, da ganyaye da robobi a kai. Ta dube shi ta ce, "Ai na gani. Ruwa ne kamar na Tiga, ya dai fi shi faɗi. Ki ce wa babanki ya isa, mu koma." Amma na lura ta cire baƙin tabarau ɗin da likita ya ba ta, ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar, tana hangen tsibiran da suke can nesa kamar hayaƙi. Wannan saƙon ban kai shi ba. Washegari ce ranarmu ta ƙarshe.

Da sassafe muka koma. Pak cik yana zuba mai a inji. Na ɗauka zai ƙara kuɗi ko ya yi wa Baba dariya, amma kuɗin jiya ya sake faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce in gaya wa Baba masu jiragen tashar sun tsayar da farashi ɗaya ne a tsakaninsu, wanda ya karya ya cuci maƙwabcinsa. Ya dubi Kaka ya ce tafiya da tsohuwa sai a hankali, yinin duka nata ne, ba zai ɗauki kowa ba bayanmu. Baba ya saurara, ya ciro waya ya biya. Ya sunkuyo ya ce mini, "Kada Inna ta ji nawa ne."

Ko juyawa ban gama yi ba Kaka ta kama mini wuyan hannu.

"Nawa ya bayar?"

Na faɗa mata da ringit, kuɗin ƙasar nan, ina fatan ta bar shi haka.

"Da kuɗinmu nake tambaya."

Da can zan iya kau da kai ba ta sani ba. Yanzu tana ganin fuskata sarai. Na gaya mata abin da na ji Baba yana ce wa Mama, cewa kuɗin zai sayi ragon layya mai kyau a gida.

"Innalillahi! Rago guda a zuba a ruwa?" Ta zauna a kan benci ta tattara zanenta. "Ba ni zuwa. A je a karɓo."

Baba ya tsaya nesa yana kallon takalminsa, ba zai iya yi mata musu ba. Mama ta ce, "Inna, ki yi haƙuri," Kaka ta ɗaga mata hannu. Sai na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Ba sa mayarwa, Kaka. Ko mun je ko ba mu je ba, ragon ya tafi."

Ta dube ni, ta dubi jirgin. Pak cik ya miƙo mata rigar ruwa da hannu biyu ya ce, "Mak, naik lah," wato Inna, hau mana.

"Ɗaga ni, takwara," in ji ta. "Tunda an yanka ai ba a bar naman ba."

Ya zaunar da ita a tsakiya, inda feshi ba ya kaiwa, muka fita a hankali, injin yana gunaguni ƙasa-ƙasa. Jiragen haya suna wuce mu da gudu, duk wanda ya wuce sai Pak cik ya juya hancin namu ya tari igiyar ruwan, mu hau mu sauka a natse. Jan ruwan ya ƙare a wani layi kamar an ja shi da hannu. Bayansa kore, bayan koren kuma shuɗi mai duhu irin na rinin karofi. Da na juya, ƙasar da muka baro ta zama ɗan zare. Ban taɓa zama a wurin da ba gini ba itace ba, ko'ina sama ce da ruwa. Baba ya riƙe katakon kujera da hannu biyu, a lokacin na tuna shi ma bai taɓa shiga teku ba.

Kusa da wani ƙaramin tsibiri Pak cik ya kashe inji. Shirun ya sauko mana gaba ɗaya, sai ɗan lasar ruwa a jikin jirgi. Ya nuna ƙasa da haɓa.

Na leƙa, sai na ga kamar ruwan ya ɓace. Ga yashi fari can ƙasa, ga inuwar jirginmu a kansa, har da inuwar kaina da ɗankwalin Mama. Haske yana yawo a kan yashin kamar raga. Kifaye masu ratsin baƙi da rawaya suka taso, wasu shuɗaye ƙanana kamar an watsa maɓallan riga, wani babba kore mai baki irin na aku yana gatsar dutse, har muna jin ƙaras-ƙaras ɗinsa daga sama.

Kaka ta cire tabarau. Mama ta miƙa hannu za ta hana ta, ta fasa. Na riƙe wa Kaka rigar ruwan ta baya, ta sunkuya.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Subhanallahi," a hankali, ta sake faɗa, ta sake. Ta tambayi zurfin wurin, Pak cik ya ce ya fi tsayin bishiyar kwakwa. Ta ce in gaya masa ya ji tsoron Allah, ai hannu zai taɓo ƙasan. Ya yi dariya ya saki anga, ƙarfen tsayar da jirgi, muka bi ta da ido tana tafiya, tana tafiya, tana ƙanƙancewa, kafin ta tayar da 'yar ƙurar yashi.

"Waɗancan itatuwan fa?" Tana nufin duwatsun ƙasan, masu rassa kamar ƙahon barewa, wasu kamar faranti, wasu kamar kan kabeji. Na ce a makaranta an ce mana masu rai ne, kuma danginsu ne ake yin murjani da su.

"Murjani? Wanda aka sa mini a wuya ranar da aka kai ni?" Ta girgiza kai. "Na ɗauka a ƙasa ake haƙo shi."

Ta tsoma hannu. Lallen yatsunta ya ƙara ja a cikin ruwan, kifayen suka zo suna shinshina su. Ta ɗanɗana ɗigo ɗaya a harshe ta yamutsa fuska.

Can Pak cik ya ɗaga yatsa, ya yi mana alamar shiru. Wani abu mai faɗin faifai yana tasowa daga ƙasa, yana kaɗa hannuwa kamar tsuntsu mai tashi ba gaggawa. Kunkurun teku ne. Ya fito da kai dab da inda Kaka take, ya ja numfashi da ƙara, irin ajiyar zuciyar tsoho in ya zauna bayan doguwar tafiya. Idonsa baƙi ne, jiƙaƙƙe. Ya dube mu, ya koma. Muna ganinsa har ya isa ƙasa ya kwanta kusa da inuwarmu.

"Kififiya," in ji Kaka da raɗa. "Duk girman nan, kuma ba wanda yake kiwonta."

Baba ya saki katakon, ya matso gefenmu ya leƙa shi ma. Jirgin ya ɗan karkata, Pak cik ya koma ɗaya ɓarin don ya daidaita shi. Na ga hawaye yana bin kuncin Kaka, na rasa ko na aikin ido ne, don yakan zubo mata haka kawai. Ban tambaya ba.

Da azahar ta yi Mama ta zuba mata ruwan gora ta yi alwala. Ta tambayi alƙibla, sai Pak cik ya sa filafili ya juya jirgin gaba ɗaya har fuskarta ta daidaita, ya riƙe shi haka ta yi sallarta a zaune. Da ta shafa addu'a muka buɗe shinkafar da Mama ta yi mana tapau, wato ƙunshi, da safe. Rabin ta Kaka kifaye ne suka cinye, tana jefa musu tsaba ɗaya-ɗaya tana yi wa masu haɗama faɗa.

Bayan mun ci, Pak cik ya ce in tambaya, akwai wani tsibiri a gaba mai shaguna da wurin hutawa, ko kuma in Mak ta gaji mu juya gida. Na fassara. Baba da Mama suka dubi Kaka. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba, haɓarta tana kan hannunta a bakin jirgi.

"Ce masa ya bar mu a nan, takwara. Ban gama gani ba."